BABI NA HUƊU: MATSAYIN ALHAJI MAMMAN SHATA TSAKANIN MAKAƊAN FADA DA MAWAƘAN ZAMANI

4.0 Gabatarwa

A babi na uku an kawo rabe-raben makaɗan Hausa kamar yadda manazarta suka kasa su, watau makaɗan fada da makaɗan sana'a da makaɗan maza da kuma makaɗan jama'a. A wannan babi za a ɗauki makaɗi ɗaya, Alhaji Mamman Shata Katsina, a dubi rayuwarsa da waƙoƙinsa domin a gane gurbin da ya dace da shi a tarihin waƙar Hausa.

Dalilin yin haka shi ne, tun daga lokacin da finafinan Hausa suka bunƙasa an saba raba mawaƙa gida biyu. Gida na farko shi ne na gargajiya, inda akan haɗa Shata da Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo wuri ɗaya. Gida na biyu shi ne na zamani, watau mawaƙan situdiyo masu rera waƙa da fiyano, waɗanda da yawa daga cikinsu 'yan wasan fim ne. Ma'aunin da ake bi a wannan rabo shi ne kayan kiɗa kawai: mai kalangu ko kotso na gargajiya ne, mai fiyano kuwa na zamani. Wannan ma'auni ya yi kaɗan. Idan aka dubi wanda ke ciyar da mawaƙi, da hanyar da waƙarsa ke bi ta isa kunnen mai sauraro, da kuma abin da yake da damar faɗa, za a tarar Shata ya fi kusa da mawaƙan yau a kan makaɗan fada na zamaninsa. Wannan shi ne abin da babin zai yi ƙoƙarin tabbatarwa. Har ila yau za a nuna cewa ƙasar noman auduga ta Funtuwa da Bakori da Malumfashi tana da hannu babba wajen samar da irin wannan mawaƙi.

4.1 Taƙaitaccen Tarihin Rayuwarsa

An haifi Mamman Shata a garin Musawa ta ƙasar Katsina a shekarar 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuma Lariya. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, kuma mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, domin a wancan lokaci ana ɗaukar kiɗa da waƙa a matsayin roƙo, sana'ar da ake gada, wadda bai kamata ɗan gidan da ba su gada ba ya kusance ta. Shata ya yi karatun allo, ya yi tallan goro da alewa, kuma a dandali ya fara rera waƙa tare da samari tsararrakinsa don nishaɗi, tun kafin ta zama masa hanyar abinci.

Bayan ya rungumi waƙa sosai ya zaga ƙauyukan ƙasar Musawa, sa'an nan ya koma Bakori da zama bisa gayyatar Abdullahi Inde, wani ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e a can, yana kula da cinikin auduga da gyaɗa. Daga Bakori ne ya riƙa fita da ƙungiyarsa zuwa Katsina da Kano da sauran garuruwa. A shekarar 1952 ya yi wasa a bikin 'yan sarki a Kano, kuma daga nan sunansa ya fara cika ƙasar Hausa. Daga baya ya kafa gida a Funtuwa, inda ya yi kusan shekara arba'in.

Shata ya taɓa siyasa. A shekarun 1970 ya zama kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, wadda Musawa ke ƙarƙashinta a lokacin. A Jamhuriya ta Uku an zaɓe shi shugaban jam'iyyar SDP na Funtuwa, amma aka tsige shi bayan saɓani da manyan jam'iyyar. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dokta a 1988. Ya rasu a Kano ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, aka yi masa sutura a Daura.

An yi rubuce-rubuce masu yawa a kansa. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, sa'an nan Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun wallafa tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah a 2006. Abubuwa biyu ne ya kamata a riƙe daga wannan tarihi domin abin da zai biyo baya. Na farko, Shata bai gaji kiɗa ba. Na biyu, bai tashi a ƙofar fada ba, kuma garuruwan da ya zaɓa ya zauna, Bakori da Funtuwa, garuruwan kasuwa ne.

4.2 Ƙasar Auduga da Sabon Ubangida

Tun a 1957 M. G. Smith, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Zazzau, ya nuna cewa roƙo a wurin Hausawa yana tafiya ne da tsarin muƙami da daraja. A tsarin fada makaɗi yana da ubangida ɗaya. Shi ke ba shi riga da doki da hatsi da muhalli, shi kuma ya saka masa da yabo, ya kuma yi wa abokan hamayyarsa zambo da habaici. Haka Narambaɗa ya zauna da Sarkin Gobir na Isa Amadu, haka Jankiɗi ya zauna a fadar Sarkin Musulmi, haka kuma Sarkin Taushin Katsina ya zauna a fadar Sarki Usman Nagogo. Irin wannan makaɗi yana da rufin asiri, amma bakinsa ba nasa ba ne. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A kudancin ƙasar Katsina kuwa wani yanayi dabam ya samu a daidai lokacin da Shata ke tasowa. Turawa sun mayar da yankin cibiyar noman auduga. Kamfanin Bisije ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, an buɗe gonar irin auduga a Daudawa, kuma a ƙarshen shekarun 1920 hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ta ratsa ta Funtuwa. Bugu da ƙari, garin mararraba ne ga motocin da ke zuwa Zariya da Sakkwato da Katsina da Birnin Gwari. Da kaka ta yi aka buɗe kasuwar auduga, sai tsabar kuɗi ta shiga hannun manoma da 'yan baranda da malaman awo da direbobi da 'yan kamasho da mahauta da masu sayar da abinci. Waɗannan mutane suna da kuɗi, ba su da sarauta, kuma suna son a ji sunansu kamar yadda ake jin na masu rawani. Makaɗin fada ba zai waƙe su ba, domin yin haka zubar da girman ubangidansa ne. Wannan gurbi ne Shata ya tarar a buɗe, ya shiga.

Abin lura a nan shi ne, ko Abdullahi Inde da ya jawo shi Bakori, duk da kasancewarsa ɗan sarauta, aikin ciniki ne ya kai shi can. Ke nan tun daga tushe arzikin Shata a jikin auduga da gyaɗa ya rataya. Wannan yanayi bai yanke ba har zuwa girmansa, domin a 1975 an kafa shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, ɗaya daga cikin irinsa uku na farko a Nijeriya tare da na Gusau da na Gombe, abin da ya ƙara jawo ma'aikata da 'yan kwangila da baƙi zuwa garin. Wata shaida da ke ƙarfafa wannan magana ita ce Hajiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013. Ita ma a ƙasar Funtuwa ta tashi, ita ma ba ta da fada, kuma da kiɗan ƙwarya ta yi suna a tsakanin matan aure masu sana'ar cikin gida da 'yan kuɗinsu na kansu. Ruwa ba ya tsami banza: garin da ya fitar da irin waɗannan mawaƙa biyu yana da abin da ke ciyar da su.

Abu na biyu da ya raba Shata da makaɗan fada shi ne hanyar da waƙarsa ta bi. Waƙar fada ana yin ta ne a gaban sarki, a ranar salla ko naɗi ko hawa. Waƙar Shata kuwa ta shiga faifan garmaho, kamfanin EMI ya buga ta, gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna da aka buɗe a 1962 ya yaɗa ta, daga baya kaset ya kai ta tasha da shagon tela da cikin mota. Gaskiya ne an ɗauki makaɗan fada su ma a faifai da rediyo, amma su na'ura ta iske su ne da waƙar da aka riga aka shirya don fada. Shata yana waƙa ne da sanin cewa mai sauraronsa na iya zama direba a Agadas ko ɗan kasuwa a zangon Kumasi, wanda bai san wanda ake yabo ba, bai kuma damu da asalinsa ba.

4.3 Tasirin Wannan Yanayi a Kan Waƙoƙinsa

4.3.1 Turke

Turken makaɗin fada bai cika wuce yabon sarki da zuga shi da zambon magabtansa ba. Shata ya faɗaɗa wannan da'ira ƙwarai. Ya waƙe sarakuna, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Amma da bakin da ya waƙe sarki, da shi ya waƙe Hassan Sarkin Dogarai, da Sarkin Bori Sule, da Ummaru Ɗan Ɗanduna na Gwandu, wanda direba ne. Waƙar Ɗan Ɗanduna misali ce mai kyau, domin a cikinta an ɗauki ƙwarewar tuƙi da sanin hanya an ba su irin darajar da makaɗin fada ke ba jaruntakar yaƙi. Garuruwan da ake ambata a cikin tafiyar sun tsaya a madadin jerin kakanni da ake kawowa a waƙar sarauta. Watau mutumin da ba shi da asalin da za a jero, sai aka jero masa hanyoyin da ya bi.

Daga yabon mutane Shata ya zarce zuwa batutuwan da suka shafi kowa. Ya yi waƙar kumbo Afolo 11 da Amurkawa suka sauka da shi a kan wata a watan Yuli na 1969. Ya yi waƙar farkar da 'yan Arewa. Ya yi waƙar yabon Annabi, wadda aka sani da Na Tsaya Ga Annabi, ya kuma yi Sha Ruwa, wadda ta shafi shan giya. Babu wani ubangida ɗaya da zai buƙaci waɗannan waƙoƙi duka. Jama'a ce kaɗai ke da wannan faɗin, domin a cikinta akwai malami, akwai mashayi, akwai ɗan boko mai sauraron labarin duniya a rediyo.

4.3.2 Zubi da Tsari

Sa'idu Muhammad Gusau, a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙa ta duban gindinta da ɗiyanta da yadda jagora da 'yan amshi ke raba aiki. Idan aka bi wannan hanya za a ga bambanci a fili. A ƙungiyar Narambaɗa ko ta Ɗanƙwairo 'yan amshi suna karɓar ɗan waƙa daga bakin jagora su ƙarasa shi, wani lokaci su yi ƙari. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna an shirya waƙar, kowa ya hardace rabonsa. Sakamakonsa shi ne waƙa mai nauyi, mai tsararrun kalmomi, wadda ba ta cika sauyawa ba.

A ƙungiyar Shata aikin 'yan amshi, waɗanda su ne kuma makaɗan kalangu, shi ne maimaita gindin waƙa kawai. Gindin gajere ne, mai sauƙin kamawa, yaro ma na iya riƙe shi daga ji ɗaya. Duk sauran waƙar a hannun Shata take. Yana iya tsawaita ɗa ko ya gajarta shi, yana iya sako sunan wanda ya shigo fili yanzu, yana iya barin wanda ake yi wa waƙar ya shiga wani labari sa'an nan ya dawo. Wannan tsari shi ya dace da mawaƙin da bai san wanda zai tarar a wurin wasa ba. Shi ya sa kuma akan sami waƙa ɗaya tasa da zubi dabam-dabam, gwargwadon wurin da aka ɗauke ta.

Zaɓen kalangu ma yana da ma'ana. Kotso da taushi da tambari kayan kiɗan sarauta ne. Kalangu kuwa na mahauta ne da 'yan dambe da dandalin 'yan mata da gidan biki, watau ganga ce ta talakawa wadda ba a neman izinin kowa kafin a kaɗa ta. Harshen waƙoƙin ma haka yake. Shata bai cika amfani da tsofaffin kalmomin yaƙi da na sarauta da ke sa mai nazarin Narambaɗa neman mai fassara ba. Hausarsa ta kasuwa ce da tasha, ga kalmomin aro na mota da ofis da soja, kuma wannan ya sa Bahaushen Gana da wanda ya koyi Hausa a bariki duk suna fahimtarsa.

4.3.3 Bakandamiya Biyu

Babu inda bambancin ya fi fitowa kamar a waƙoƙin nan biyu da ake kira Bakandamiya. Narambaɗa yana da tasa, Shata yana da tasa, kuma a cikin kowace mawaƙin ya yi wa kansa kirari, ya nuna fifikonsa a kan sauran mawaƙa. Amma gindin Bakandamiyar Narambaɗa yabon Sarkin Gobir Amadu ne. Duk tsawon kirarin da ya yi wa kansa, dole 'yan amshi su dawo da shi ƙofar ubangidansa. Gindin Bakandamiyar Shata kuwa godiya ce daga makaɗi da yaransa, ba a ɗora ta a kan sunan wani basarake ba. Wanda ake yabo a waƙar shi ne wanda ke rera ta. A nan mawaƙi ya tashi daga matsayin bara mai ɗaukaka sunan wani, ya zama shi ne abin kallo. Wannan shi ne ainihin abin da ake nufi da tauraro a yau.

4.4 Shata a Matsayin Ɗan Wasa

Shata ba ɗan fim ba ne a ma'anar da aka san kalmar yanzu. Duk da haka wanda ya kalli hotunan wasanninsa da gidajen talabijin na Arewa suka ɗauka zai ga cewa rabin aikin a jiki yake. A tsaye yake waƙa, yana kai da kawowa a gaban makaɗansa, yana nuni da hannu, yana juyawa ya dube su, wani lokaci ya yi shiru ya bar kalangu ya yi magana kafin ya ɗora. A cikin waƙoƙin ma yakan kawo zance tsakaninsa da wani, ya faɗi abin da aka ce masa da abin da ya mayar, yana sauya murya daidai da mai maganar. Wannan kwaikwayo ne, ko da ba a kira shi da sunan ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, Shata ya gina wani mutum a cikin waƙoƙinsa, ya kuma riƙe shi fiye da shekara hamsin. Mutumin nan matafiyi ne da ya ga duniya, ba ya tsoron kowa, ba ya ɓoye abin da yake sha, yana da alheri ga wanda ya kyautata masa, kuma ana shakkar bakinsa. Labaran da jama'a ke bayarwa a kan abin da ya sami waɗanda suka saɓa masa, ko da wasunsu ƙari ne irin na baka, suna nuna yadda wannan hoto ya zauna a zukata. Masu zuwa wasansa suna zuwa ne su ji waƙa, su kuma ga Shata. Makaɗin fada ba ya buƙatar irin wannan hoto, hasali ma zai iya jawo masa fushin ubangida, domin a fada mutum ɗaya ake kallo.

4.5 Inda Aka Sami Rauni

Yabon da ake yi wa Shata bai kamata ya hana a faɗi abin da wannan 'yanci ya jawo wa waƙarsa ba. Rauni na farko shi ne yawa. Mawaƙin da ke rayuwa da kyautar mutane da yawa dole ya yi waƙoƙi da yawa, kuma shi kansa Shata bai san adadin nasa ba. A cikinsu akwai waɗanda ba su wuce gindi mai daɗi da jerin sunaye da godiyar kyauta ba. Akan ji ɗa guda ya fito a waƙoƙi dabam-dabam, an sauya sunan mai shi kawai. Idan aka auna irin waɗannan da waƙoƙin Narambaɗa, inda kusan kowane ɗa yake ɗauke da hikimar da aka zauna aka saƙa, za a ga cewa saurin ƙirƙira yana da farashinsa.

Rauni na biyu ya shafi zambo. A fada zambo yana da iyaka, domin ana yin sa ne a kan abokin hamayyar sarki, kuma sarki na iya tsawatawa. A hannun mawaƙin da ba shi da mai tsawata masa, zambo na iya zama makamin ramuwa na ƙashin kansa. Waƙar Gagarabadau ta nuna gwanintar Shata a wannan fage, ta kuma nuna haɗarin abin, domin wanda aka yi wa ba shi da bakin ramawa, ga faifai ya sa zagin ya fi shi tsawon rai. Inda ake tsoron bakin mawaƙi, da wuya a rarrabe kyautar so da kyautar neman tsari.

Rauni na uku shi ne rashin tsayawa a kan matsayi guda. Mai waƙar yabon Annabi shi ne mai waƙar Sha Ruwa. Ana iya kare shi da cewa ya nuna al'umma ne yadda take, bai yi munafunci ba. Wannan kariya tana da ƙarfi, amma tana tabbatar da cewa sau da yawa Shata yana bin masu sauraronsa ne, ba ya gaba gare su. Ke nan bai rabu da ubangida ba ɗungum. Ya sauya ubangida ɗaya mai rawani da dubban iyayengiji masu kuɗi a aljihu, kuma su ma suna da abin da suke so a faɗa musu.

Akwai kuma hujjar da za a iya kawowa a kan ra'ayin wannan babi gaba ɗaya, watau dangantakarsa da Sarkin Daura, wadda ta yi ƙarfi har ta kai a Daura aka rufe shi. Amsar ita ce, Shata bai tare a ƙofar fadar Daura yana jiran fitowar sarki ba. Gidansa na Funtuwa, yana zuwa Daura ya dawo, kuma waƙar da ya yi wa Sarkin ba ta hana shi yi wa direba ko ɗan kasuwa tasa ba. Wannan zumunci ne da aka ƙulla da zaɓi, ya bambanta da barantakar gado.

4.6 Shata da Mawaƙan Fim

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa. Shekarar da Shata ya rasu, 1999, ita ce shekarar da mujallar Fim ta fara fitowa, kuma a daidai wannan tsakani ne fim ɗin Sangaya ya tabbatar da waƙar fiyano a matsayin ginshiƙin kasuwar finafinai. Wannan haɗuwa ta sa mutane da yawa suna ganin kamar an rufe wani littafi ne an buɗe wani. Amma idan aka dubi mawaƙan da suka haɗa waƙa da fitowa a fim, irin su Sani Danja da Adam A. Zango da Umar M. Shareef da Ado Gwanja, za a ga suna tafiya ne a kan abubuwan da aka lissafa a sama: shiga sana'ar ba ta hanyar gado ba, dogaro da kasuwa da gidan biki, gajeren amshi mai saurin kama baki, da kuma sayar da hoton kai tare da waƙa. Duk waɗannan Shata ya riga su.

Bambancin da ke tsakani shi ma a fili yake. Mawaƙin situdiyo yana rubuta waƙarsa, ya rera ta a ɗaki, a gyara muryar da na'ura, ta fito da zubi ɗaya da ba ya sauyawa. A fim kuma sau da yawa wani ne ke rerawa, wani ke motsa baki a gaban kyamara. A wurin Shata murya da jiki da ƙirƙira duk a wuri ɗaya suke, a gaban jama'a, ba damar a sake. Ta wannan fuska abin da ya iya ya fi wuya, kuma yana cikin abin da aka yi hasara.

Misali na ƙarshe daga wannan yanki zai ƙara nuna gazawar ma'aunin kayan kiɗa. Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙauyen Kahutu a ƙaramar hukumar Ɗanja, maƙwabciyar Funtuwa da Bakori, ya yi suna da waƙoƙin da ya yi wa Muhammadu Buhari a zaɓen 2015 da Bola Tinubu a zaɓen 2023. Da fiyano yake waƙa, don haka kowa na sa shi a gidan zamani. Amma aikin waƙar siyasa shi ne ɗaukaka gwani ɗaya da kushe abokan takararsa, wanda shi ne ainihin aikin makaɗin fada. Ta fuskar aiki ke nan mai fiyanon ya fi mai kalangun kusa da Narambaɗa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ganga ba ta isa ta zama alƙali ba.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an bi rayuwar Alhaji Mamman Shata daga Musawa zuwa Bakori da Funtuwa, an nuna yadda kuɗin auduga da hanyar jirgi da mota suka samar da masu sauraro waɗanda ba sa ƙarƙashin fada, da yadda faifai da rediyo suka faɗaɗa su. An ga tasirin wannan a turken waƙoƙinsa da zubinsu da harshensu, da kuma yadda ya mayar da kansa abin kallo. An kuma nuna cewa wannan hanya ta jawo maimaici da zambo marar linzami da bin son mai sauraro.

Abin da aka fahimta shi ne, kiran Shata makaɗin gargajiya kawai yana ɓoye sabon abin da ya kawo, yana kuma sa a ɗauka mawaƙan fim ba su da tushe a cikin waƙar Hausa. Ya fi dacewa a ajiye shi a matsayin babban mawaƙin jama'a wanda ya share fagen da taurarin yau ke wasa a ciki. Saboda haka ana ba da shawarar cewa a nazarin rabe-raben mawaƙa a riƙa sa tambayar wanda ke biyan mawaƙi da hanyar yaɗa waƙarsa a gaba da tambayar abin da yake kaɗawa. A babi na biyar za a ɗauki zaɓaɓɓun waƙoƙinsa guda uku a yi musu tarke dalla-dalla bisa wannan ma'auni.